Sawu Uku a Kwalbatin Dakko

Matan da suka fita tsinkar tumatir ne suka fara gani, ranar Laraba da sassafe. Daga nesa sun ɗauka wani ne ya yi shanya a gonar albasa. Da suka matso sai suka tarar tufafi ne warwatse ko'ina, rigunan yara, dogayen rigunan mata, wanduna, hulunan sanyi, kuma kowanne an farke shi ta wajen ɗinki. A kan kwalbatin da ya ratsa magudanar ruwan noman rani ga wata baƙar jaka an tsaga cikinta da wuƙa, kusa da ita ga rigar fata mai ruwan ƙasa, wuyanta ya bushe da jini.

Ba wadda ta tambayi ko ta wane ne. Duk Dakko an san rigar, don an sha ganinta a waya. Ta Habibullahi ce, wanda ya shekara shida a Aljeriya, wanda jiya Talata aka share gida aka yanka kaji ana jiran isowarsa har tuwo ya sandare a kwano.

Nasidi yana rumfar bayan gidansa yana ware ruɓaɓɓiyar albasa lokacin da kururuwar ta iso gari. Bai tashi ba. Ya san za a zo nemansa.

Shekara talatin ya yi yana bin sawu. Daga Bakura har Maradun, in aka sace saniya ko jaki, shi ake aiko wa. Ya san ƙafar kusan kowane namiji a Dakko kamar yadda ya san muryarsa. Amma shekara uku ke nan da ya daina, tun ranar da abokin sana'arsa Yari na Janbako ya bi sawun shanu ya shiga daji, aka dawo da gawarsa a amalanke. Daga ranar Nasidi ya koya wa kansa tafiya yana kallon sama.

Mai gari da kansa ya yi sallama a ƙofar rumfar. Suka gaisa, aka tambayi kwana, aka tambayi iyali da zafi da ruwan gona, kamar ba abin da ya faru. Sannan Mai gari ya ce, "Nasidi, ɗan mutane ne."

"Ranka shi daɗe, ni ma ina da ɗiya."

"Na sani. Ban ce ka shiga daji ba. Ka zo ka duba ƙasa kawai, ka gaya muna abin da ta ce."

Nasidi ya daɗe yana goge hannunsa a jikin riga kafin ya ɗauki sandarsa.

*

A bakin kwalbatin mutane sun riga sun tattake komai. Nasidi ya roƙa a ja baya, ya yi kewaye mai faɗi yana duƙe, har ya wuce kunyoyin albasa. Can inda ƙasa ke da laima ya sami abin da yake nema.

Ga sawun mutum ba takalmi, takunsa gajeru, yana kauce hanya yana dawowa, yana tuntuɓe da kunya. Wannan tafiyar wanda aka rufe wa ido ce. A gefensa, nan da can inda ciyawa ba ta rufe ba, ga sawun takalmi mai zane irin na tayar tarakta. Gaba kaɗan ga wani takalmin daban, shi kuma ƙasansa ƙananan zagaye ne kamar an dangwala bakin kwalba. Ya bi su kamar taku ɗari biyu. Daga nan garken shanu ya ratsa ya dagula ƙasar, bayan shanun kuma sawun ya gangara cikin magudanar ruwa, bai sake fitowa ba.

Uba mahauci, shugaban 'yan sa-kai na garin, yana tsaye a kansa da bindigarsa ƙirar gida. "Shina da rai?"

"Jiya dai da ƙafarsa ya bar nan."

"Su nawa ne?"

"Kamar biyu, ban da shi."

Kafin maganar ta isa gari an yar da "kamar" ɗin a hanya, biyun ma sun zama biyar.

Sulaiman, ɗan baffan Habibullahi, mai shagon cajin waya a bakin kasuwa, ya durƙusa a gefen sawun shanun yana kuka yana dukan ƙasa. "Shanun wa ke sha nan in ba na Jidda ba? Su ne idon mutanen daji! Tare muka tashi da Habibu, kwano ɗaya muka ci. Yanzu sai mu tsaya muna kallon ƙasa?"

Jidda bafulatani ne, rugarsa tana yamma da garin, shekara ashirin yana nan. Sunansa na fita sai samari suka ɗauka. Uba ya ɗaga murya ya ce kowa ya je ya shirya, da an sallame la'asar za a nufi ruga.

Nasidi ya bi samarin da kallo. Ya san abin da ke biyo bayan irin wannan tafiya. Bara wani ƙauye a gaban Janbako ya yi haka, kwana uku tsakani ba a bar rumbu ko ɗaya a tsaye a cikinsa ba. Ya matsa kusa da Mai gari ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, akwai abin da bai zauna mini ba. A ba ni zuwa la'asar."

"Na aika Bakura a sanar da hukuma," in ji Mai gari, idonsa a kan samarin. "Amma ka ga fuskokinsu. Bayan la'asar ba ni da igiyar da zan ɗaure su da ita."

*

A zauren Mai gari an riga an ɗaure Nagode, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko Habibullahi daga tashar Talata Mafara. Leɓensa ya kumbura. Da ya ga Nasidi sai ya fashe da kuka.

"Baba Nasidi, wallahi ni ba infoma ba ne. Ka san uwata, ka san ubana."

"Na san su. Gaya mini yadda aka yi."

"Kasuwa na watsewa na gan shi ya sauko daga motar Sakkwato. Ni ban ma gane shi ba sai da ya kira sunana. Ya rame, Baba, ba kamar na hoto ba. Muka ɗaure jaka muka kamo hanya. Muna cikin tahiya aka kira wayarsa."

"Wa ya kira?"

"Bai faɗa ba. Na dai ji shina dariya, shina cewa, kai har yanzu ba ka bar tsoro ba? Can kuma ya yi shiru. Da ya kashe sai ya ce mini an ce babbar hanya ba lahiya, an ga babura da rana. In sauke shi a kwalbati, za a zo a shiga da shi ta gona. Ni kuwa da na ji babura, ai ko juyowa ban yi ba."

"Ka ga kowa a wurin?"

"Ba kowa. Rana ta yi ja, manoma sun tashi."

Nasidi ya dubi silifas ɗin Nagode da ke yashe a bakin ƙofa, ya juya su da sanda. Sumul suke, sun cinye. Ya fita yana juya maganar dariyar nan a ransa. Mutum ba ya yi wa baƙuwar murya dariya a wannan hanyar.

*

Zuwa rugar Jidda tafiyar rabin sa'a ce, amma Nasidi ya ji ta kamar ta yini. Duk motsin da kara ya yi sai ya tsaya cak. Sau biyu ya yi niyyar juyawa.

Ya tarar labari ya riga shi. Mata suna kwance bukkoki suna ɗaure ƙore a kan jakai, yara sun yi tsuru-tsuru a gindin wata ƙirya. Jidda ya fito, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. Gaisuwarsu ta yi tsawo kamar kullum, sai dai kowa idonsa yana bayan ɗan'uwansa.

"Da asuba na kai su ruwa," in ji Jidda. "Na ga tufafin. Na ga rigar. Na kora shanuna na dawo, ban gaya wa kowa ba."

"Don mi?"

"In na je gari na ce na ga jini, wa za a fara kamawa?" Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ga shi ban je ba, kuma ni ɗin ne dai. Mutanen daji sun kwashe mini rabin garke bara, sun ce ni na gari ne. Ku kuma kun ce ni nasu ne."

Nasidi ya dubi ƙafarsa. Takalmin roba ne irin na makiyaya, ƙasansa ba zane.

"Malam Nasidi, kai ne masanin ƙasa," in ji Jidda. "Ka ga sawun babur a wurin?"

"Na Nagode kaɗai."

"To yaushe rabon da mutanen nan su zo ɗaukar mutum da ƙafa? Kuma yaushe suka fara shiga ruwa don ɓoye sawu? Tsoron wa suke ji?"

Tambayar ita ce ke cin Nasidi tun safe, bai dai yarda ya furta ta ba. Ya roƙi Jidda ya zo ƙofar Mai gari bayan azahar. Jidda ya dubi matansa, ya dubi yaran.

"In na zo zan dawo?"

"Ban sani ba," in ji Nasidi. "Amma in ba ka zo ba, su za su zo."

*

Gidan su Habibullahi ya cika da mata. An tattaro tufafin daga gona an tara a tsakar gida. Kubura, matarsa, ta fito zaure lulluɓe, surukarta na biye da ita, ta durƙusa ta gaida Nasidi, abokin mahaifinta ne. A hannunta akwai wasu rigunan yarinya guda uku, launi ɗaya, ɗinki ɗaya, girma daban-daban.

"Na Na'ima ne," ta ce. "Da cikinta ya tahi. Bai san tsawonta ba, sai ya saya uku ko ɗaya za ta dace. Baba, dubi yadda suka yayyaga su. Mi suke nema cikin rigar yarinya?"

"Abin da suke zaton an ɗinke a ciki. An ce mijinki ya yi arziki."

"Arziki!" Ta share ido da gefen hijabi. "Siminti yake ɗauka a gini. Su tara suke kwana ɗaki ɗaya. Duk kayan nan a bakin titi yake saye, wurin masu shimfiɗawa a ƙasa, yau ɗaya, wani wata ɗaya. Rigar fatan ma ya ce ba fata ba ce, roba ce. Ran Juma'a yakan sa ya je bakin teku a ɗauke shi hoto, don kada hankalin Inna ya tashi. Ni kuma na yi ta nuna wa mutane. Ni na jawo mishi."

"Nuna mini ni ma."

Ta miƙo wayar. Ga Habibullahi jingine da wata farar mota da ba tasa ba, ga shi a gaban wani dogon bene, da rigar fata da baƙin tabarau. Wani zai kalli fuska, amma idon Nasidi ƙasa ya fara sauka. Ya sa ta ƙara girman hoton. Takalman duka baƙaƙe ne masu igiya, sai dai na dama ya fi tudu, na hagu kuma bakinsa ya fi tsini.

"Waɗannan ba 'yan gida ɗaya ba ne," ya ce.

Kubura ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka. Ta daɗe tana lalube a wayar, sannan ta danna wani tsohon saƙon murya. Muryar Habibullahi ta cika zauren, yana haki yana dariya.

"Kubura, yau mijinki ya sha gudu. Na je sayen takalmi wurin wani ɗan ƙasar Gini da ke shimfiɗa kaya a bakin titin kasuwa. Ka san su, tamfol ne da igiya a kusurwa huɗu, da an yi fito sai su ja igiya, shago ya koma ƙunshi. Na biya ke nan, na sa ƙafa ɗaya ina gwadawa, sai fito! 'Yan sanda! Shi ba takardar zama, ni ba takardar zama. Ya ja igiyarsa, na wawuri ɗaya daga cikin tarin, ya yi gabas na yi yamma. Sai da na zo ɗaki na ga abin da na ɗauko. Na hagun ƙarami ne, shina cizon dunduniya kamar kare. Kuma aka yi ruwa a hanya, da na cire sai na ga ƙafar ta yi ja wur, rinin cikinsa ya zuba. Kwana biyar ina wankewa da sabulu bai fita ba. 'Yan ɗakinmu sai ce mini suke amarya, wai an sa mini lalle ƙafa ɗaya..."

Saƙon ya ƙare. Surukar ta kifa kai a gwiwa.

"Da su ya taho?" in ji Nasidi.

"Ba shi da na fita sai su."

*

A waje rana ta take, amma Nasidi sanyi yake ji. Ya tsaya a inuwar katanga ya sake jera sawun a ransa. Mai zanen taya, duk inda ya gan shi, ƙafar dama ce. Mai zagaye kuma ta hagu. Bai taɓa ganin ɗan'uwan ko ɗaya ba, ya ɗora laifin a kan ciyawa. Ashe ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne, sanye da takalman Habibullahi, yana kora mai takalman a gaba ba takalmi. Ya ma tuna yadda dunduniyar hagun ke ƙara yin sama-sama yayin da tafiyar ke nisa, kamar mai ɗingishi.

Mutum ya tsaya a kan simintin kwalbati, inda ƙafa ba ta barin alama, ya cire nasa takalman ya sa na wani kafin ya taka ƙasa. Ba wanda zai yi wannan wahalar sai wanda ya san akwai mai gane sawunsa. Wanda ya san Nasidi. Wanda Nasidi ya sani.

Ya bi ta cikin gari zuwa masallaci. Mutane na gaishe shi yana amsawa, kuma kowace gaisuwa sai ya ji gabansa ya faɗi. Shekara uku yana tsoron daji, yana ganin in ya rufe ƙofa a cikin gari ya tsira. Yau ya rasa ta inda zai juya bayansa.

*

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar Mai gari. Nasidi ya roƙa a tara dangin Habibullahi maza da abokansa, da Uba da mutanensa. Aka fito da Nagode. Jidda ya iso shi kaɗai, ba ko sanda, ya zauna can gefe, samari suna harararsa suna shafa sandunansu. Kowa ya tuɓe takalmi kafin ya hau tabarma, kamar yadda aka saba a gaban Mai gari.

Nasidi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa, a duƙe, kansa a ƙasa. Sun ɗauka ladabi ne ko tsufa. Ƙafafu ne masu faso, masu ƙura, masu kaushin gona. Da ya zo kan Sulaiman sai ya ga safa baƙa, mai kauri, a wannan zafin da ko riga mutum ke neman tuɓewa. Ya miƙa masa hannu. Tafin Sulaiman jiƙe yake.

Ya wuce shi ya gama gaisuwarsa, don yana son ya isa kusa da Uba kafin ya buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, da safe na ce mutum biyu. Na yi kuskure. Mutum ɗaya ne, kuma ba daga daji ya zo ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Nasidi ya ba su labarin takalman kamar yadda ya ji shi, tun daga ɗan Gini da tamfol ɗinsa. Ya faɗi dalilin da zai sa mutum ya sa takalmin wani. Da ya zo kan rinin sai ya ji wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a saman bishiyar.

"Wanda ya yi wannan aiki ya shiga ruwa da takalman nan, ya daɗe a ciki. Ina roƙon kowa ya miƙo ƙafarsa ta hagu."

Jidda ne ya fara miƙewa da tasa, sannan Nagode. Uba ya yi tsaki. "Har ni?"

"Har ni ma," in ji Mai gari, ya janye bakin rigarsa ya miƙe ƙafa.

Ƙafafu suka jeru a kan tabarma. Saura mutum ɗaya.

"Ciwo gare ni," in ji Sulaiman. "Ƙaya na taka. Ai duk kun ga ina ɗingishi."

"Mun gani," in ji Nasidi. "Cire mu ga ƙayar."

"Baba Nasidi, ni? Ɗan'uwana ne hwa! Ga ɓarawo can zaune kun bar shi!" Ya nuna Jidda, ya yunƙura zai tashi. Uba ya dafe kafaɗarsa da hannu ɗaya, irin dafewar da yake yi wa sa, ya sunkuya ya fizge safar.

Ƙafar ja ce tun daga yatsu har idon sawu, rinin ya shige gefen farce ya zauna. An dirje ta da dutse har fata ta saɓule, bai fita ba. A dunduniya ga bororo ya fashe yana ruwa.

Mahaifin Sulaiman, wanda ke zaune taku uku daga nan, ya ce "Innalillahi," bai iya ƙarasawa ba.

Samari suka taso gaba ɗaya. Mai gari ya miƙe ya tsaya a tsakani, ya buɗe hannuwa. "Wanda ya taɓa shi ya kashe Habibullahi! Shi kaɗai ya san inda yake!"

Sulaiman ya zube. Maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. Kullum Kubura ta kawo caji sai ya buɗe hotunan ya kalla. Shekara shida yana zaune cikin shago kamar akurki, shi kuwa wancan yana jingina da motoci. Ya ɗauka kuɗin waje ya ɗinke cikin tufafin. Niyyarsa ya buge shi ta baya ya ɗauke jakar kawai. Da ya farke komai bai sami ko takardar kuɗi ɗaya ba sai hankalinsa ya gushe, ga Habibu yana motsi, yana nishi. Ya rufa masa buhu a ka, bai yi magana ba ko sau ɗaya don kada ya gane muryarsa.

"Ina yake?" in ji Uba.

"Tsohon ɗakin injin ban-ruwa, bayan shinkafar Birnin Tudu." Ya haɗiye yawu. "Ku yi sauri. Na rasa yadda zan yi da shi, sai na... akwai wata lamba ta mutanen daji da wani ya taɓa bari a shagona. Na kira na ce musu akwai wanda ya dawo daga ƙasar waje. Sun ce in rana ta yi sanyi za su zo su ɗauka."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta riga ta karkata.

*

Mai gari ya sa aka kulle Sulaiman a cikin gidansa har hukuma ta iso. Uba ya ce taron jama'a zai jawo ido, mutum uku sun isa. Babbar hanya ba ta biyuwa. Jidda ya ce ya san wani burtalin shanu da ke ɓullawa bayan ɗakin injin. Uba ya dube shi, sai ya miƙa masa gorar ruwansa. Na ukun ba a tambaya ba, duka suka juyo suka dubi Nasidi, don in an riga an tafi da Habibullahi, mai bin sawu ne zai faɗi inda aka nufa.

Ya so ya ce yana da ɗiya. Ya ga Kubura a bakin zaure da rigunan nan uku har yanzu a hannunta. Ya gyara hularsa ya bi bayansu.

Suka ratsa shinkafa, ruwa har ƙauri. Ɗakin injin yana tsaye shi kaɗai a bakin wata tsohuwar magudana, rufin kwanonsa ya ɓalle rabi. Nasidi ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya rarrafa ya duba ƙasar bakin ƙofa. Mai taya da mai zagaye sun shiga tare da mara takalmi. Wasu silifas sun fito su kaɗai. Ba sawun babur.

Uba ya kwance wayar ƙarfen da aka ɗaure ƙofar da ita. Habibullahi yana kwance a kan busasshen kashin awaki, hannuwa a baya, buhun taki a kansa. Takalman suna yashe a kusurwa. Da ya ji motsi sai ya takure yana salati.

"Habibu, mu ne. Nasidi ne, na Dakko."

Suka cire buhun. Jini ya bushe a ƙeyarsa, leɓɓansa sun tsattsage. Jidda ya tallafo kansa ya ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan. Ya daɗe yana ƙifta ido kafin ya gane su, sannan ya kama hannun Nasidi da ƙarfin da ba a zata ba.

"Baba... Sulaiman fa? Ya ce zai tare ni a kwalbati. Kada dai shi ma sun kama shi. Ku duba, ƙila shina kusa."

Uba ya kau da kai. Jidda ya shiga rufe bakin gorar a hankali.

"Shina gari," in ji Nasidi. "Ba su kama shi ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Habibullahi, ya lumshe ido.

A lokacin ne suka ji. Can arewa, ta wajen dajin Maradun, wani gurnani siriri kamar na ƙudan zuma, yana ɗaukewa yana dawowa. Ba babur ɗaya ba ne.

Uba ya saɓa Habibullahi a baya, Jidda ya shige gaba ya buɗa musu shinkafa. Daga ƙofar ɗakin zuwa bakin ruwa taku ashirin ne na ƙasa mai laushi, kuma duk sun rubuta kansu a kanta, mutum uku da nauyin na huɗu, sun nufi Dakko. Nasidi ya karyo reshen sabara. Ƙarar tana ƙara kusantowa. Ya juya baya ya riƙa tafiya da baya-baya, yana sharewa, taku bayan taku, bai yarda ya tsallake ko ɗaya ba, har ya ji ruwa ya taɓa dunduniyarsa.